Giram 249: Tarihin Lambar da Ke Tsakanin Diron da Kan Jariri

Idan ka taɓa riƙe ƙaramin jirgin nan maras matuƙi na kamfanin DJI mai suna Mavic Mini, wanda ya fito a watan Oktoban 2019, za ka ga an rubuta nauyinsa ɓaro-ɓaro a jikinsa: giram 249. Mai karatu, kada ka ɗauka haka kawai sikeli ya tsaya. Injiniyoyi sun yi ta aske roba suna rage girman batir har sai da suka sauka ƙasa da giram 250 da giram ɗaya tak, saboda a dokokin Amurka da na Turai da wasu ƙasashe da dama, daga 250 ne ake fara kallon diron a matsayin abin da zai iya yi wa mutum mummunan lahani idan ya faɗo masa a ka.

To ina aka samo 250 ɗin? Kan wa aka gwada? Amsar za ta kai ka wurare uku da ba ka zata ba: filin yaƙin Jamusawa a farkon ƙarni na 20, da ɗakin ajiye gawa a birnin Detroit, da wani zaman kwana uku da aka yi cikin gaggawa a 2015. Idan muka gama zagayen za ka lura cewa a duk wuraren nan babu jariri, kuma babu tsohuwa mai shan maganin tsinka jini.

Zaman kwana uku

A ƙarshen 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta shiga damuwa. Kirsimeti na tafe, ana sa ran za a sayi ɗaruruwan dubban diron a matsayin kyauta, kuma babu rajistar da za ta nuna mai kowanne. Sai aka kafa kwamiti da ya haɗa masu ƙera jiragen da masu son amfani da su, irin su DJI da Amazon da Google, da kuma ƙungiyoyin matuƙa jirgin sama. Suka zauna kwana uku a farkon Nuwamba. Ɗaya daga cikin tambayoyin da ke gabansu ita ce: daga wane nauyi za a wajabta rajista?

Lissafin da suka yi, ɗalibin sakandare ma zai iya. Ƙarfin da abu mai motsi ke ɗauke da shi ana auna shi da ma'aunin jul, kuma ana samunsa ne idan aka ɗauki rabin nauyin abin aka ninka da saurinsa sau biyu. Kwamitin ya karɓi cewa duka mai jul 80 a ka na iya kashe mutum 30 cikin 100. Ya kuma ɗauka cewa ƙaramin diron da ya faɗo daga sama zai kai gudun mita 25 a daƙiƙa. Juya lissafin ka nemi nauyi, za ka samu giram 256. Aka daidaita shi zuwa 250. Ranar 21 ga Disambar 2015 aka buɗe rajista.

Don ka ji jul 80 a jikinka: kamar a sako maka dutse mai kilo ɗaya ne daga tsayin mita takwas, wato daga saman bene mai hawa biyu ko uku. Ba wasa ba ne.

Amma ita jul 80 ɗin ta girmi kowa a ɗakin taron. A 1906 wani janar ɗin sojan Furusiya, masanin harbin igwa mai suna Heinrich Rohne, ya rubuta cewa harsashi ko ɓaraguzan bom na buƙatar ƙarfin da ya kai na kilo takwas da ya faɗo daga mita ɗaya kafin ya fitar da soja daga fagen daga. Idan ka mayar da shi jul, ya kusa 80. Sojojin ƙasashe da yawa suka gaji lambar, ta zama iyakar da ake cewa ɓaraguzai sun zama masu haɗari. Shi kuwa ƙiyasin mutuwar 30 cikin 100, kamfanin DJI da kansa ya bi sawunsa a wata takarda da ya fitar a 2017, ya ce asalinsa wani nazari ne na ƙarshen shekarun 1960 kan yawan mutanen da za su mutu a yaƙin nukiliya, lokacin da babu asibitin da ke aiki. Kamfanin ya ce an tsaurara da yawa, a mayar da iyakar kilo 2.2. Tabbas kamfani mai sayar da diron yana da abin da zai ci a wannan magana, amma batun asalin lambar bai yi ƙarya ba. Abin da ni ya fi tsaya mini a rai daban ne: lambar an gina ta ne a kan jikin soja, wato saurayi lafiyayye da aka tantance kafin a ɗauke shi aiki.

Gawarwakin Detroit

Ilimin yadda kai ke fashewa bai taso daga jirage ba, motoci ne suka haife shi. A 1939, a Jami'ar Wayne State da ke Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa mai suna Elisha Gurdjian ya haɗa kai da injiniya Herbert Lissner. Likitan ya gaji da ganin mutanen da ake kawo masa da kai a fashe ba tare da kowa ya san adadin ƙarfin da ke fasa shi ba. Suka fara da busassun ƙoƙunan kai, suna shafa musu wani fenti mai saurin tsagewa, su buga, su duba inda fentin ya tsage don su ga hanyar da ƙarfin dukan ya bi a cikin ƙashi. Daga baya suka koma ga gawarwakin da aka bayar domin bincike, ana sakin su su faɗo da goshi a kan farantin ƙarfe, da na'urar auna girgiza a maƙale a bayan kai.

Aiki ne da ba ya daɗin ji, na sani. Amma duk bel ɗin mota da hular kwanon da ka taɓa sawa suna da bashin waɗannan gawarwaki a kansu.

Wajajen 1960 sakamakon ya fito a matsayin zanen layi guda da ake kira layin juriya na Wayne State. Saƙonsa shi ne kai na iya jure duka mai tsananin ƙarfi idan ya zo ya wuce cikin ƙiftawar ido, amma idan dukan ya ɗan jima, ƙarami ma ya isa ya yi ɓarna. An cike sauran ɓangaren layin da gwajin dabbobi da na mutanen da suka ba da kansu. A cikinsu akwai Kanal John Stapp na sojan saman Amurka, wanda a Disambar 1954 ya hau wata kujera da roka ke turawa a kan dogo a jihar New Mexico, aka tsayar da shi farat ɗaya har jikinsa ya ɗauki nauyin da ya ninka nasa sau 46. Ya rayu, ko da yake jini ya cika masa idanu.

A 1966 Charles Gadd na kamfanin General Motors ya mayar da layin ya zama lissafi. A 1971 John Versace na kamfanin Ford ya gyara shi, a 1972 kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta karɓe shi da sunan HIC, ma'aunin raunin kai. Wani abu game da HIC da ya kamata ka riƙe shi ne ba ya tafiya daidai wa daida da ƙarfin duka. Idan girgizar ta ninka sau biyu, makin yana ninkawa fiye da sau biyar da rabi. Da farko an sa iyaka a 1000. A 1976 General Motors ya fito da mutum-mutumin gwaji mai suna Hybrid III, wanda har yau shi kake gani a bidiyon gwajin haɗarin mota. Tsayinsa kusan santimita 175, nauyinsa kusan kilo 78: matsakaicin namijin Ba'amurke na wancan zamani.

Akwai wani gargaɗi da aka yi tun 1943 wanda HIC bai saurara ba. Wani masanin kimiyyar lissafin halitta a Oxford, Holbourn, ya cika siffar ƙoƙon kai da wani abu mai kama da daskararren kunu, ya nuna cewa abin da ya fi yaga ƙwaƙwalwa shi ne juyawar kai farat ɗaya, fiye da turawar kai tsaye. Ƙwaƙwalwa ba ta matsuwa da sauƙi, amma tana murɗewa. HIC kuwa turawar kai tsaye kawai yake aunawa, kuma tsagewar ƙashi aka gina shi a kai. Saboda haka mutum na iya samun maki mai kyau a takarda alhali jijiyoyin cikin kansa sun tsinke.

Shekarar da abin ya fara faɗowa

Shekarar 2015 ce ta nuna wa duniya cewa maganar ta wuce takarda. A watan Yuni, a wani fareti a birnin Seattle, diron ya bugi jikin gini ya faɗo kan wata mata a cikin taro, ta suma. Mai tuƙa shi ya samu hukuncin ɗaurin kwana 30 a 2017. A watan Satumba, a Pasadena ta jihar Kalifoniya, wani ya faɗi kusa da jaririya 'yar wata 11 da ake turawa a keken jarirai, ɓaraguzansa suka yanke ta a ka. A kakar shekarar, a yankin Worcestershire na Ingila, wani abokin iyali yana wasa da diron a harabar gida, ya taɓa bishiya ya kauce, farfelarsa ta yanki idon wani ƙaramin yaro. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma sai da aka cire idon. Ranar 22 ga Disamba kuma, ana watsa gasar tseren ƙanƙara kai tsaye daga Madonna di Campiglio a Italiya, wani babban diron mai ɗaukar hoto ya rikito ya tarwatse a bayan zakaran Ostiriya Marcel Hirscher, tazarar da ba ta kai ta numfashi ɗaya ba. Hukumar wasan ta hana amfani da su nan take.

Dubi jerin nan da kyau. Labarin zakaran ne ya fi yawo a duniya, alhali ko ƙwarzane bai yi ba, kuma yana sanye da hular kwano. Wanda ya rasa ido yaro ne da bai iya magana ba tukuna. Kuma rauninsa ba shi da alaƙa da jul 80 ko HIC. Farfela ce, abin da lissafin kwamitin bai taɓo ba sam.

A Nuwambar 2017, a garin Ogaki na Japan, wani diron mai kusan kilo huɗu da ke watsa wa jama'a alewa daga sama a wajen biki ya faɗo cikin taro, mutum shida suka ji rauni, har da yara. Ai dama wa zai fi matsowa ƙarƙashin abin da ke zubar da alewa?

Da aka fara gwadawa da gaske

Sai a 2017 aka samu gwaji na haƙiƙa. Wata haɗakar jami'o'in Amurka mai suna ASSURE, ƙarƙashin jagorancin David Arterburn na Jami'ar Alabama da ke Huntsville, ta riƙa sako diron samfurin Phantom 3, mai kusan kilo 1.2, a kan mutum-mutumin gwaji. Suka kuma sako guntun katako da na ƙarfe masu irin nauyinsa don kwatance. Bambancin ya ba mutane mamaki. Katako da ƙarfe suna zuba duk ƙarfinsu a cikin kai. Shi kuwa diron jikinsa na roba yana lanƙwashewa, ƙafafunsa su karye, ya wuntsula gefe, sai kaɗan daga ƙarfin ya shiga kan. Haɗarin da ya fi fitowa ma a wuya yake.

A shekarar dai, masu bincike a Virginia Tech, waɗanda suka yi suna wajen gwada hulunan 'yan ƙwallon Amurka, sun gwada jirage uku, daga mai kilo 1.2 zuwa mai kilo 11. Sun ga cewa wanda ya faɗo daga sama ya fi wanda ya zo a guje ta gefe lahani, kuma ko jirgi ɗaya ne, sakamakon ya dogara da ɓangaren da ya fara taɓa mutum. Idan hannun farfela ne ya fara sauka, jirgin ya juya ya wuce. Idan tsakiyarsa ce, inda batir yake, duk nauyin ya sauka wuri guda. Batir shi ne dutsen da ke cikin diron.

Zagaye na biyu na aikin ASSURE, wanda ya fito a 2019, ya koma ga tsohuwar hanyar Detroit: a Jami'ar Jihar Ohio an harba jiragen a kan gawarwakin manya, kuma a gudu mai yawa an samu tsagewar ƙoƙon kai. Ashe lanƙwasar roba tana da iyaka.

Da wannan ilimi aka sake dokoki. A Turai, tun ƙarshen 2020, an kasa jiragen aji-aji: mafi ƙanƙanta ƙasa da giram 250, na biye ƙasa da giram 900 ko kuma wanda ƙarfin da zai zuba a kan mutum bai kai jul 80 ba. Ka ga lambar Janar Rohne ta sake leƙowa. A Amurka, dokar da ta fara aiki a Afrilun 2021 ta ce diron da bai wuce giram 250 ba zai iya shawagi a kan mutane, muddin ba shi da farfela a buɗe da za ta yanki fata. Darasin yaron Ingila ke nan ya shiga doka bayan shekara biyar. Waɗanda suka fi haka nauyi kuma dole mai ƙera su ya nuna cewa raunin da za su yi bai kai na sandararren abu mai kusan jul 15 ba, ko jul 34 a aji na gaba, wanda ba a yarda ya bi ta kan taron jama'a ba.

Kan da ba a auna ba

Yanzu mu zo ga inda nake son ka tsaya ka yi tunani. Duk gwajin nan an yi su ne a kan mutum-mutumin babban namiji ko gawar babba. Masana haɗarin mota sun daɗe da sanin cewa yaro ba ƙaramin babba ba ne. Lokacin da Amurka ta sake dokar jakar iska ta mota a shekarar 2000, ta sa iyakar HIC ta babba a 700, ta ɗan shekara uku a 570, ta ɗan shekara ɗaya kuma a 390. Wato kusan rabi. Kuma ko waɗannan lambobi na yara, galibi an same su ne ta hanyar rage na manya da lissafi, don gawar yaro abu ce da ba kasafai ake ba da ita domin irin wannan bincike ba, kuma kowa ya san dalili.

Ƙoƙon kan babba a yawancin wurare kaurinsa ya kai milimita shida zuwa bakwai, ƙashi ne da ya haɗe ya zama ɗaya. Na sabon jariri bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, kuma faranti-faranti ne da ba su gama haɗewa ba. Kowace uwa ta san maɗiga, wurin nan mai laushi a tsakiyar kai da ake ganin yana bugawa, wanda ba ya rufewa sai yaro ya kai wajen shekara ɗaya da rabi. A nan babu ƙashi ko kaɗan tsakanin duniya da ƙwaƙwalwa, sai fata da wata tattaurar fatar ciki. Susan Margulies da Brittany Coats, a aikin da suka yi a Jami'ar Pennsylvania, sun nuna cewa ƙoƙon jariri yana lotsawa sosai kafin ya tsage. Kana iya ɗauka wannan alheri ne, amma ma'anarsa ita ce ƙwaƙwalwar da ke ƙasa ce ke karɓar lotsawar, kuma hoton ƙashi zai iya fitowa lafiya lau. Ƙara da cewa kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsayinsa, ga wuya da ba shi da ƙwari, sai juyawar nan da Holbourn ya yi gargaɗi a kanta ta samu wurin zama.

Tsoho kuma matsalarsa ta ciki ce. Da shekaru ƙwaƙwalwa na ɗan ƙanƙancewa, sai ƙananan jijiyoyin jinin da suka ratsa tsakaninta da ƙoƙo su miƙe kamar zaren da aka ja. Duka kaɗan ya isa ya tsinka ɗaya. Jinin yana tsiyaya a hankali, mutum ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce ba komai, bayan mako uku ko shida a ga ya fara ruɗewa, yana jan ƙafa, yana yawan barci. 'Yan uwa su ce tsufa ne, ko shanyewar ɓarin jiki. Idan yana shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin saboda ciwon zuciya, haɗarin ya ƙaru. Sannan ga faɗuwar da ke biyo baya: diron ɗin giram 249 ba lallai ya fasa kan dattijo ba, amma zai iya firgita shi ya faɗi da ƙeya a kan siminti, kuma babu ma'aunin da ke lissafa wannan duka na biyu.

Akwai kuma abin da mutum-mutumi ba zai taɓa nunawa ba. Babba mai lafiya yana jin ƙugin farfela, ya ɗaga kai, ya kauce ko ya kare da hannu. Kurma ba ya ji, makaho ba ya gani, mai keken guragu ba ya iya tsalle gefe, jaririn da ke goye a baya kuwa kansa na waje, a inda uwar ba ta gani.

A Disambar 2024, a wani wasan fitilu na ɗaruruwan diron a bakin tafkin Eola da ke Orlando a jihar Florida, wasu suka yi karo da juna a sama, ɗaya ya yo cikin 'yan kallo ya bugi yaro ɗan shekara bakwai a ƙirji, har sai da aka yi masa tiyatar zuciya. Ƙananan jirage ne, kuma kamfani mai lasisi ne ke gudanar da wasan.

Mu ma abin ya iso mu. Tun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce ba a tashin diron sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a fili yake tsaro ne ya fi damun masu dokar. Kamfanin Zipline na kai jini da magunguna da jiragensa a Gana tun 2019, a jihar Kaduna kuma tun 2022, yana sako kayan da 'yar lema a wurin da aka keɓe. Amma wanda za ka fi cin karo da shi shi ne na mai ɗaukar bidiyon biki, wanda ke saukar da shi dab da kawunan mata a wajen kamu ko a filin hawan salla don hoton ya yi kyau, yara kuma na bin sa a guje. Idan kai ne mai bikin, kana da ikon ce masa ya sa wa farfelar kariyarta, ya ɗauka daga gefe, kada ya tsaya a saman taro.

Idan kuma abin ya riga ya faru, kada ƙanƙantar jirgin ta ruɗe ka. Yaron da ya yi amai fiye da sau ɗaya bayan duka a ka, ko barci ya rinjaye shi ba a iya tashinsa da sauƙi, ko ya yi jijjiga, ko ya ƙi nono, ko maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, asibiti za a nufa da shi a lokacin. Haka idan wani ruwa garai-garai ko jini na fita ta hanci ko kunne, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Dukan da ya sauka a gefen kai, tsakanin ido da kunne, a kula da shi sosai: ƙashin wurin siriri ne, akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa, kuma mutum na iya yin sa'o'i yana hira garau kafin ya faɗi. Dattijo mai shan maganin tsinka jini kuwa, ko ya rantse lafiyarsa ƙalau, a kai shi likita ya duba a ranar, sannan a gaya wa likitan sunan maganin da kuma lokacin da ya sha na ƙarshe.